Tambarin jikin bindiga: abin da yake tonawa a Sahel

A Amurka da Turai, masu tara tsofaffin bindigogi kan goga farin alli a kan tambarin da aka buga jikin ƙarfe domin ya fito fili. A kan Kalashnikov, kibiya cikin alwatika alamar masana'antar Izhevsk ce ta Rasha, tauraro na Tula, lamba 66 cikin alwatika kuwa ta China. Su dai farashi suke nema.

A Sahel, wannan tambarin shaida ne. Da irinsa ƙungiyar Conflict Armament Research ta nuna a rahotonta na 2016 cewa makaman da ke yawo a yankin ba duka daga rumbunan Gaddafi suka fito ba. Wasu daga rumbunan gwamnatocin Mali da Côte d'Ivoire suka zurare. Shi ya sa ƴan fasa-ƙwauri ke kankare lambar. Sai dai bugun yakan danne ƙarfen har ciki, kuma sau da yawa ƙwararru kan farfaɗo da ita da sinadari.

Amma lamba ba ta da amfani in babu rajistar da za a duba. Yarjejeniyar CEDEAO ta 2006 ta wajabta sa alama da musayar bayanai, ga shi Nijar ta fice daga ƙungiyar ranar 29 ga Janairu 2025, Najeriya kuwa tana ciki. Bindigar da aka ƙwace a Madarunfa na iya buƙatar rajistar Abuja. Tsarin bin sawun makamai na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2005 yana nan, amma ba ya tilasta wa kowace ƙasa ta amsa.