Ba Baki Ba Ne, Zafin Ruwa Ne

Jama'a, yau ƙorafina a kanmu ne, mu 'yan mastas.

Satin jiya na je Anacha ɗibar ruwan Kogin Neja don bincikena. A kasuwar Ose na tarar da wani dattijo ɗan Arewa, karfasarsa ta mace a baho tun kafin azahar, tarwada kuwa garau. Wai baki aka yi masa.

Na ce, Baba, zafi ne. Jikin kifi yana bin zafin ruwan da yake ciki. Ƙarin digiri 10 kan kusan ninka buƙatarsa ta oksijin, ga shi ruwa in ya ɗumama iskar raguwa take: wajen miligiram 9 a lita a digiri 20, amma 7.5 a digiri 30. Tarwada tana leƙowa sama ta shaƙi iska, karfasa ba ta da wannan gatan. Maganin: inuwa, canjin ruwa, rage cunkoso.

Tun aji biyu muka karanta wannan fa! Muna zuba Turanci don maki, jarin bawan Allah na mutuwa a baho. Ni dai a ganina, kowane ɗan mastas ya ware rana ɗaya, ya shiga kasuwa ya faɗi bincikensa da Hausa. Ko na yi ƙarya?