Kada a Bar wa Agogo Sakin Magana

Wata ɗabi'a ta shigo wa masu rubutu a intanet: mutum ya zauna rana guda ya shirya saƙonnin mako ko na wata, ya sa wa kowanne rana da sa'a, ya bar na'ura tana sakinsu ɗaya bayan ɗaya, shi kuwa ya kama gabansa. Facebook da wasu manhajoji sun sauƙaƙa yin haka, har ana koyar da shi a matsayin iya tsari. Ganganci ne, domin ma'anar magana ba ta cika sai an haɗa ta da lokacin da aka faɗe ta, marubuci kuwa bai san abin da ranar za ta zo da shi ba.

Ɗalibin Hausa ya fi kowa cancantar gane wannan. Kalmomi irin su yau, jiya, gobe, jibi, ɗazu, bana da bara ba su da tsayayyar ma'ana. Daga bakin mai magana da lokacin maganarsa suke samun ta. Wanda ya rubuta "yau" a saƙon da zai fita bayan kwana goma yana ba da shaida ne a kan ranar da bai gani ba. Haka gaisuwa take. Bahaushe yakan dubi halin da ya tarar kafin ya buɗe baki: in ya iske zaman makoki sai ya haɗiye barkar da ya zo da ita, ya ce "ya haƙuri?" Saƙon da aka ɗaure wa agogo ba ya duba fuskar kowa.

A ɗauki gaisuwar Sallah. Watan Musulunci kwana 29 ne ko 30, sai an ga jinjirin wata ake sanin ranar Idi. A Najeriya Sarkin Musulmi ake jira ya yi sanarwa, Nijar kuma tana da nata tsarin, sau da yawa ƙasashen biyu sukan bambanta da kwana guda. Wanda ya tsara "barka da Sallah" tun tsakiyar azumi bisa lissafin kalanda yana iya taya mutane murna alhali suna shirin sahur.

Manyan kamfanoni ma sun sha kunya. A watan Janairun 2013 aka gano naman doki a cikin wani naman sa da kantunan Tesco na Birtaniya suke sayarwa. Ana tsakiyar wannan badaƙala sai shafin kamfanin na Twitter ya yi wa abokan ciniki sai da safe da wata karin maganar Turanci mai nufin kwanciya barci, wadda lafazinta yake ambaton busasshiyar ciyawar da ake ba dawaki. Jama'a suka ɗauka ba'a ake yi musu. Kamfanin ya nemi gafara, ya ce an tsara saƙon ne tun kafin a san halin da ake ciki. Jimla ce marar laifi ranar da aka rubuta ta, ta zama izgili ranar da ta fita.

A watan Nuwamban 2020 kuma shafin gidan rediyon Faransa, RFI, ya saki labaran rasuwar fitattun mutane wajen ɗari waɗanda suke raye, ciki har da Sarauniyar Ingila Elizabeth ta biyu, da Pele, da tsohon shugaban Senegal Abdoulaye Wade. An rubuta su ne aka ajiye kamar yadda kafafen labarai suka saba, sai tangarɗar na'ura ta fitar da su lokacin sauya tsarin shafin. Rubuta su da wuri ba laifi ba ne. Ɓarnar ta auku ne saboda babu idon mutum tsakanin ma'ajiya da mai karatu.

Masu kare wannan ɗabi'a suna da hujja: wutar lantarki ba ta da tabbas, intanet yana yankewa, ayyuka sun yi yawa, masu karatu kuma suna son a riƙa ba su abu a kan kari. Duk gaskiya ne, amma hujjar tana goyon bayan rubutawa da wuri ne kawai. Sakin rubutu wani aiki ne daban, mai ɗauke da alhaki. Karanta shafi guda kafin a sake shi ba ya cin minti biyar, gyaran sunan da ya ɓaci kuwa yakan ci shekaru. Ban da haka, wanda ba ya nan lokacin da maganarsa ta fita ba zai amsa tambaya ba, ba zai gyara kuskure ba, sai bayan an kwafe an yaɗa. Magana zarar bunu ce.

Jadawalin wakilan suna ko jerin jam'in kalmomi na iya jiran agogo, domin gobe ba za ta sauya su ba. Amma duk rubutun da yake ɗauke da gaisuwa, ko raha, ko sunan mai rai, ko kalmar "yau", wajibi ne mai shi ya sake karanta shi a ranar, ya saurari labarai, sannan ya sake shi da hannunsa.