Malamin Tamaula Shi Ma Malami Ne

Tun zamanin da, al'adar mutanen ƙasar nan ce in almajiri ya shahara sai a tambaya, wa ya karantar da shi? Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda zuriyarsa ke riƙe da sarautar Gwandu a Birnin Kebbi, sai da ya wallafa littafi guda, Ida'un Nusuki, domin ya lissafta malaman da ya ɗauki karatu wurinsu, kowa da sunansa da abin da aka karanta a gabansa. Haka kuma masunci a Argungu, in an yaba hannunsa wajen homa, kafin a rufe baki ya faɗi wanda ya fara sa shi ruwa. To, ga wani malami guda da wannan kyakkyawar al'ada ta tsallake, watau malamin da ke koya wa 'yan makarantar sakandare wasan tamaula, ko ƙwallon ƙafa kamar yadda aka fi cewa yanzu.

Duk wanda ya yi karatu a Kwalejin Nagari ta Birnin Kebbi, ko Kwalejin Kanta ta Argungu, ko wata makarantar gwamnati can cikin ƙauye, ya san irin wannan mutum. Da safe yana aji kamar sauran malamai, yana karantar da lissafi ko tarihi. In an tashi kowa ya nufi gida, shi kuwa aikinsa na biyu bai ko fara ba. Da la'asar sakaliya ga shi a fili da usur a wuya, ko da bazara ce, lokacin da zafin ƙasar Kabi ke hana tsuntsu tashi. Shi ke zana iyakar fili da toka in babu farar ƙasa, shi ke kai ƙwallo wurin baduku in ta fashe. Shi ne kuma ke zuwa ƙofar gida ya durƙusa ya roƙi uban yaro ya sake shi ran Asabar, alhali uban na bukatarsa a fadama wajen shinkafa. In za a tafi wasa wani gari kuɗin mota suka kāsa, sau da yawa daga aljihunsa ake cikawa. Yaro mai zafin zuciya da ya gagari kowa a aji, a hannun wannan malami yake koyon cewa in alƙalin wasa ya busa an gama magana, kuma wanda aka ci shi zai fara miƙa hannu a gaisa. Wannan ba ƙaramin karatu ba ne, gama akwai manya da yawa da ba su sauke shi ba har yau.

Ba a ce ƙasa ba ta san darajar masu koyar da yara ƙwallo ba. Sau 5 Nijeriya ta ci kofin duniya na yara masu ƙarancin shekaru, a 1985 da 1993 da 2007 da 2013 da 2015, kuma kowane karo an ji sunan mai horarwa. Sebastian Brodrick shi ya kai yaran farko ƙasar Sin a 1985, suka ci Jamus ta Yamma 2 da nema. Aka yi musu alkawura, ba a yi wata guda ba gwamnati ta sāke, sai a 2016 aka kira su aka ba kowane ɗan wasa naira miliyan 2, bayan shekara 30 ke nan da ɗoriya, yaran jiya sun yi furfura. Labarin Yemi Tella ya fi wannan ban tausayi. Malami ne a makarantar koyon wasanni ta ƙasa da ke Ikko, ya tafi Koriya ta Kudu da yaransa a 2007 yana fama da ciwon daji, suka ci Sifen a wasan ƙarshe cikin watan Satumba, ya komo gida ya rasu cikin watan Oktoba. Manu Garba, mutumin Gombe, wanda ya yi masa mataimaki a wannan tafiya, shi ya ɗauko kofin 2013 a Abu Dabi, inda aka ci Meziko 3 da nema, shugaban yaran kuwa Musa Muhammad ne daga Kano. An ba shi lambar girma ta ƙasa, kuma ya cancanta, yabon gwani ya zama dole.

Amma fa mai karatu ya lura, waɗannan gwanaye ba su daɗe sosai tare da yaran ba. An kawo musu su ne sun riga sun iya tare ƙwallo da ƙirji, sun san tsayuwa a fili, sun san jin magana. Wa ya koya musu? Wani ne can a wata makaranta ko wata unguwa, wanda ya yi shekara 4 ko 5 yana shan ƙura tare da su, ranar da aka ɗaga kofi kuwa a rediyo ya ji, in ma yana da batir. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A Amurka ba haka suke yi ba. Nasu ƙwallon dabam ne, mai siffar ƙwai, runguma tai ake yi a sheƙa da gudu, amma malamin da ke koyar da shi a sakandare mutum ne da gari duka ya sani, har akwai zaurukan da ake rataye hotunan irinsu da tarihin aikinsu. Wani mai suna Bob Ladouceur, malamin addini a makarantar De La Salle ta jihar Kalifoniya, yaransa sun ci wasa 151 a jere daga 1992 har 2004 kafin a kā da su, har aka yi sinima a kansa. Ba don a kwaikwayi Amurkawa aka kawo wannan ba, su suna da kuɗin da babu a nan. Abin dubawa shi ne an san wasa 151 ne domin akwai mai rubutawa. Takarda da alƙalami kuwa ba su fi ƙarfin kowace makaranta ba.

Wani dattijo zai ce, ashe wasa ma har ya kai a girmama mai koyar da shi, ga malaman Larabci da na kimiyya ba a gama da su ba? Maganarsa tana da kan gado, kuma ba wanda ya ce a rage wa waɗancan kome. Sai dai akwai wani abin tsoro da ya fi wannan, shi ne a ce za a auna malami da yawan kofunan da ya tara. In aka yi haka an buɗe ƙofar ɓarna, domin hanya mafi sauƙi ta cin kofin makarantu sananniya ce: a ɗauko ƙato daga cikin gari, mai gemu ya aske, a sa masa rigar makaranta a ce ɗan aji 4 ne. Ƙasar nan ta riga ta sha kunyar irin wannan. A 1989 hukumar ƙwallo ta duniya, FIFA, ta dakatar da Nijeriya shekara 2 daga gasar matasa saboda shekarun haihuwar waɗansu 'yan wasa sun saɓa a takardu. Daga 2009 aka shiga auna ƙashin wuyan hannun yara da na'urar asibiti. A 2016 yara 26 na ƙungiyar ƙasa suka fāɗi wannan awo ana gab da wasa da Jamhuriyar Nijar, maƙwabciyar Kebbi, aka fita da 'yan ragowa, Nijar ta fid da Nijeriya daga gasar. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Malamin makaranta mai gaskiya ya fi na'ura sanin shekarun yaro, gama rajista na hannunsa, ya san ranar da yaron ya shigo aji 1, ya san ubansa, ya san wansa da ya karantar bara waccan.

Saboda haka malamin da ya kamata a girmama shi ne wanda ya yarda a ci shi da yaransa na gaskiya da ya ci da na haya, wanda ya hana gwaninsa shiga fili don ya ƙi zuwa aji, wanda kuma in an bi sawun almajiransa bayan shekara 20 za a tarar da su mutanen kirki, ko sun zama 'yan ƙwallo ko sun zama malaman asibiti. Irin wannan malami watakila kofinsa ɗaya ne tak, ko babu. Tsofaffin ɗalibai sun san shi, su za a tambaya.

Wurin yin abin kuwa a shirye yake. Bikin kamun kifi na Argungu ya samo asali ne a 1934, sa'ad da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu bayan doguwar gaba ta kaka da kakanni, kuma tun 2016 yana cikin jerin al'adun duniya na UNESCO. A bikin 2020 wanda ya kama kifi mai kilo 78 a Matan Fada ya tafi gida da mota da kuɗi mai yawa, ba kuwa mai yi masa hassada. Me zai hana a keɓe yammaci guda cikin makon bikin, zaɓaɓɓun 'yan sakandaren Birnin Kebbi su kara da na Argungu, kowane yaro da takardar shaidar shugaban makarantarsa? Shekarar da ba a yi biki ba sai a yi wasan a filin Haliru Abdu na Birnin Kebbi. Kafin a busa usur a kira tsohon malamin tamaula guda daga masarautar Gwandu, guda daga ta Argungu, a sa musu riga a gaban sarakuna, a karanta shekarun da suka yi suna aiki da makarantun da suka zauna. Kuɗin riguna biyu ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai sun isa su ɗauka, ba sai an jira gwamnati ba. Rubuta tarihin kuwa a ba ɗaliban Kwalejin Ilmi ta Adamu Augie da ke Argungu, su bi waɗannan dattawa gida gida da littafi, su fara da waɗanda suka fi tsufa.