Daga Lambun Malam: Furen Madagaska

A watan jiya mun yi zancen tara takin gida kafin damina. A wannan wata ina so mu duba wani ɗan fure wanda da yawanku kuna da shi a ƙofar ɗaki ko a harabar majami'a, ko da ba ku san sunansa ba.

Ga abin da ya kawo zancen. Ran wata Lahadi bayan sujada ina tsaye kusa da kunyar furannin da 'yan ajina suka shuka a gefen makaranta, sai wata uwa daga cikin zumuntar mata ta zo ta gaishe ni. Ta ce, "Malam, ka ɗan tsinko mini ganyen furen nan naka." Na ce, "Mama, shukawa za ki yi? Bari in ba ki iri." Ta ce, "A'a. Maigida ne ciwon sukari ya matsa masa, kuɗin magani kuwa ya fi ƙarfinmu. An ce mini in dafa ganyen ya riƙa sha safe da yamma." Na ce, "Mama, ki yi mini haƙuri. Iri kam zan ba ki har ki gaji, amma ganyen sha ba zan bayar ba." Muka zauna a inuwa na faɗa mata dalili. Abin da na faɗa mata shi zan faɗa muku, sa'an nan mu koma ga yadda ake shuka shi.

Furen ɗan gajere ne, yawanci ba ya wuce gwiwar babban mutum. Ganyensa kore ne shar, mai santsi da ƙyalli, da farar jijiya a tsakiya. Kowane fure yana da kunnuwa 5 a shimfiɗe, wani fari fat, wani ruwan hoda, sau da yawa da ɗigon ja a tsakiya kamar ido. Masu sayar da furanni a bakin hanya suna kiransa binka ko feriwinkul. Kada a haɗa shi da ɗan dodon koɗin nan da mutanen kudu ke sa wa miya, sunan ne kawai ya zo ɗaya a Turanci. Asalinsa daga tsibirin Madagaska ne, a Tekun Indiya, gabas da Afirka, shi ya sa ni da yarana muke ce masa furen Madagaska. Dangin tumfafiya ne da itacen ƙarya. Wanda ya san waɗannan biyu kuwa ya san ba a wasa da ruwan jikinsu.

Maganar da Mama ta ji ba a garinmu aka fara ta ba. Mutanen tsibirin Jamaika sun daɗe suna dafa ganyen nan domin ciwon sukari. A shekarar 1952 aka aika da ganyen daga can zuwa ƙasar Kanada, ya kai hannun wani likita mai bincike, Robert Noble, domin ya gwada ko maganar gaskiya ce. Da ya gwada, bai ga sukari ya sauka yadda ake fata ba. Amma da ya yi wa ɓeraye allurar ruwan ganyen, sai fararen ƙwayoyin jininsu suka ragu ƙwarai, watau sojojin da ke tsare jiki daga cuta, har cuta ta kama su suka mutu. Daga nan ya yi tunani: akwai ciwon daji na jini, wanda a cikinsa waɗannan ƙwayoyi ke yawaita fiye da kima. Abin da ke rage su, ai zai iya zama magani. Shi da abokin aikinsa Charles Beer suka yi ta tacewa, har a 1958 suka ba da labarin maganin da ake kira binblastin. Masu binciken kamfanin Eli Lilly a Amurka kuma suka fitar da na biyu, binkristin, wanda aka amince da shi a 1963.

Kafin wannan zamani, yaron da ciwon dajin jini ya kama da wuya ya rayu. Yau a ƙasashen da ke da cikakken kayan aiki, kusan yara 9 cikin 10 masu irin da ya fi kama yara suna rayuwa, binkristin kuwa yana cikin magungunan da ake haɗa musu. Har a nan Afirka yana aiki. Akwai wani ciwon daji mai kumbura muƙamuƙin yara ko cikinsu, wanda likita Denis Burkitt, Kirista mai tsoron Allah, ya bayyana a Yuganda a 1958. Ana samunsa a Nijeriya, binkristin kuma yana cikin abin da ake yi wa yaran allura da shi.

To, mai karatu zai ce, "Ashe dai magani ne, don me ka hana Mama?" Dalili uku ne. Na fari, maganin ɗan mitsitsi ne a cikin ganyen, sai an tara ɗaruruwan kilo na busasshen ganye kafin a sami giram 1. Na biyu, ganyen yana ɗauke da wasu sinadarai masu yawa, waɗansunsu dafi ne, tukunya kuwa ba ta iya rarrabe su. Na uku, ko tataccen maganin ma likita ne ke auna shi bisa girman jikin mai ciwo, ya sa ta jijiya, yana duba jininsa a kai a kai, gama in ya yi yawa yana lalata jijiyoyin hannu da ƙafa. Mai ciwon sukari da ya bar maganin asibiti ya kama shan wannan ganye ya ɗauki hatsari biyu: sukarin yana nan yana cin idonsa da ƙodarsa, ga kuma dafi a kai. Ku ja wa yara kunne kada su sa ganye ko fure a baki, wanda ya taɓa ruwan jikinsa kuma ya wanke hannu kafin ya ci abinci.

Ban faɗi wannan don ku tuge shi ba. A cikin furannin da na gwada, babu wanda ya dace da gidan da ake sayen ruwa kamarsa, gama yana jure rana da fari, yana kuma yin fure kusan dukan shekara.

Ku fara da iri. In kun duba ƙarƙashin inda fure ya faɗi za ku ga 'yan kwansuna biyu biyu, sirara, kamar ƙahonin ɗan akuya. In sun soma yin rawaya ku tsinke su kafin su fashe, ku zuba a takarda su ƙarasa bushewa a inuwa. Ƙwayoyin baƙaƙe ne ƙanana. Ku sami gwangwanin madara, ku huda gindinsa da ƙusa wuri 4 ko 5, ku cika da rairayi kashi biyu da tsohon taki kashi ɗaya. Ku sa ƙwaya 3, ku rufe da 'yar ƙasa kaɗan. Wannan iri yana son duhu kafin ya tsiro, saboda haka ku ɗora kwali a bakin gwangwanin, kuna dubawa kowace safiya. Cikin mako 1 zuwa 3 zai fito, sai ku cire kwalin nan da nan. Wanda ba shi da iri ya yanki kan reshe mai tsawon inci 4, ya zage ganyen ƙasa, ya kafa a rairayi mai laima a inuwa. Bayan kamar wata guda zai yi saiwa.

In tsiron ya yi ganye 6, lokacin dashe ya yi. Ku zaɓi wurin da rana ke samu aƙalla rabin yini, gama a inuwa tsawo kawai yake yi, fure kaɗan. Ku ja kunya mai tudu, ku bar ƙafa ɗaya tsakanin wannan da wancan. Ku yi dashen da yamma, ku fito da shi da ƙasarsa, don ba ya son a taɓa saiwarsa. Ku kewaye da ƙaya saboda kaji masu tono. Awaki ba su cika kula shi ba saboda ɗacinsa, amma akuyar da yunwar bazara ta kama ba ta da zaɓi, shi kuwa zai cuce ta.

Yanzu ga babban gargaɗi, wanda ni kaina da hasara na koye shi. Shekarar da muka fara shuka shi a makaranta na raba wa yara aikin ban ruwa, kowa da ranarsa. Don ƙwazo sai suka riƙa zubawa safe da yamma, har a cikin Agusta ana tsakiyar ruwan sama. Da na ga ganye yana rawaya yana yaushi na ɗauka ƙishirwa ce, na ce a ƙara. Cikin mako biyu rabin kunyar ta mutu. Da na tuge ɗaya, sai ga saiwa ta yi baƙi ta ruɓe. Yawan ruwa ya fi fari kashe wannan fure. Ku tura yatsa cikin ƙasa, in da laima ku bar shi. Da rani sau biyu ko uku a mako ya isa, da safe, a gindi, ba a kan ganye ba. Ruwan wankin shinkafa ko na ganyen miya yana da kyau, amma ban da mai sabulu ko gishiri. In kun ga ganye ya naɗe da tsakar rana kada ku firgita, da yamma zai buɗe. Wanda ya kamu da ruɓa kuwa ku tuge shi ku yar nesa, kada ya shafa wa sauran.

Sauran kulawar kaɗan ce. In ya kai tsawon taƙi, ku tsinke kansa da farce don ya yi rassa. Taki cikin hannu ɗaya a farkon damina ya wadatar, yawansa ganye yake kawowa. Kada ku zuba masa toka, tana sa ganyen ya koɗe. Da sanyin hunturu, musamman a wurare kamar Jos, yakan tsaya cik, amma da zafi ya dawo zai farfaɗo. Bayan shekara biyu tsohon gindi yakan yi ƙirare, a lokacin kuwa 'ya'yansa sun riga sun tsiro kewaye da shi.

A cikin Matiyu sura 6 Ubangijinmu ya nuna wa almajiransa furannin jeji domin ya koya musu kada su damu, gama Uban da ya yi musu ado ya san bukatar 'ya'yansa. Sau da yawa kuwa ta hannun 'yan'uwa yake biyan bukatar. Maman nan ba rashin hankali ya kai ta ga ganye ba, rashin kuɗi ne. Da izininta na kai maganar ga dattawan ekklesiya, aka ɗauki nauyin kai maigidanta asibiti da sayen maganinsa na wata wata. Ina roƙon kowace ekklesiya ta bincika ko akwai irinta a cikinta, wadda kunya ta hana ta magana. Iri kuwa na ba ta, yanzu yana fure a ƙofar ɗakinta.

Iyaye, ku ba kowane yaro gwangwaninsa a wannan wata, ya rubuta ranar da ya shuka da ranar da ya tsiro. Wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda, za mu yi zancen rainon zogale a bayan gida. Alherin Allah ya kasance tare da ku duka.