GAMBO: SUNAN MACE NE KO NA NAMIJI?

Yau ba zancen girki ko kwalliya na kawo muku ba. Wata 'yar rigima ce ta tashi a gidanmu a kan suna, kuma tun daga ranar abin yake cina a rai, na ce sai na amayar muku da shi.

Kwanakin baya muna shirin bikin ƙanwata, an zauna za a rubuta abin da za a kai wa mai buga katin gayyata. Na ɗauki biro ke nan na fara rubuta sunan amarya, sai ta riƙe mini hannu, idonta ya ciko da hawaye, ta ce, "Yaya, don girman Allah kada ki sa Gambo a katin nan." Na ce, "Ikon Allah! To da wane suna dangi suka san ki?" Sai ta fashe da kuka. Wai abokan angon ne suke tsokanarsa, suna cewa ya rasa wadda zai aura sai mai sunan gardi. Ta tuna mini har da ranar da ta shiga aji ɗaya na sakandare, aka jera sunanta cikin na maza, malami ya yi ta kiran "Ina yaron nan Gambo?" 'yan aji suna ta shewa. Ta ce ita ta gaji, a sa mata wani suna mai daɗi irin na 'yan matan yanzu.

Kafin in gaya muku yadda muka ƙare, bari mu tsaya a kan sunan kansa, don na san cikinku akwai waɗanda ba su taɓa zama aji ɗaya da mai shi ba.

Bahaushe yana da suna iri biyu. Akwai sunan yanka, wanda ake raɗa wa jariri ranar bakwai, a yanka rago, liman ya yi addu'a. Sannan akwai laƙabi, wanda yawanci tsofaffin gida ne ke sa shi, suna duban ranar da aka haifi yaro ko halin da ya tarar da gidan. Ta Lahadi Ladi ce, na Lahadi Ɗanladi. Ta Juma'a Jummai, namijinta Ɗanjuma. Namijin da ya biyo bayan mata shi ne Tanko, macen da ta biyo bayan maza kuwa Kande ko Delu. Kun ga duk waɗannan an raba, na mata daban, na maza daban. Amma akwai 'yan kaɗan da ba a raba ba, irin su Auta da Talle da Gambo, domin su ba jinsin yaro suke faɗi ba, matsayinsa a gida suke faɗi. Auta shi ne na ƙarshe. Talle shi ne wanda ya tashi cikin maraici tun yana jariri. Gambo kuwa shi ne duk wanda aka haifa bayan tagwaye, mace ce ko namiji. An samu Hassan da Hussaini, ko Hassana da Hussaina, to wanda ya biyo su Gambo ne, ba tambaya.

Wani abin da da yawanmu ba mu sani ba, Hassan da Hussaini na asali, jikokin Manzon Allah (SAW), ba tagwaye ba ne, kusan shekara guda ce tsakaninsu. Al'ada ce ta ɗauki sunayen ta ba 'yan biyu. Haka kuma ba mu kaɗai ke ware suna don mabiyin tagwaye ba. Yarabawa suna da Taiwo da Kehinde, wanda ya biyo su kuma Idowu ne, mace ko namiji. A Gana ma akwai masu kiransa Tawiya.

Tsofaffi ba su bar Gambo haka nan ba, sai da suka lulluɓe shi da camfi. Muna yara ana tsorata mu cewa tagwaye suna turo kunama, Gambo kuma ya fi su hatsabibanci, in ka ɓata masa rai hazbiya za ta fito maka a ido. Camfi ne kawai, ba mai cutarwa ko amfanarwa sai Allah, amma ƙanwar tawa ta sha cin rabonmu na tsire da wannan barazanar!

To me ya sa sunan yake ƙaranci? Da farko dai shi ba suna ba ne da uba zai ji ya yi masa daɗi ya ɗauka. Sai Allah ya ba ka tagwaye, uwar ta tashi lafiya, ta sake haihuwa, sannan ka samu Gambo guda ɗaya tak. Na biyu, yanzu takardar haihuwa da rajistar makaranta sunan yanka suke nema, laƙabi kuwa an bar wa kakanni, in sun rasu ya bi su. Na uku, mu kanmu ne. Mun ɗauki sunayen nan mun mai da su na ƙauyanci. A nan ni ma ba zan wanke kaina ba. Duk littafin da na rubuta, tauraruwar labarin sunanta mai santsi ne, Kande da Gambo kuwa su ne masu wanke-wanke da shara. Yarinyar da ta tashi tana karanta irin wannan, yaya ba za ta ji kunyar sunanta ba? Abin dariyar ma, Nur da Ihsan da muke rububi, su ma a ƙasashen Larabawa maza da mata duk suna amsa su, amma ban taɓa jin an ce da mai su tana da sunan gardi ba.

Ga masu cewa Gambo na maza ne kuwa, gaskiya ne maza sun yi suna da shi. Akwai Muhammadu Gambo Jimeta, wanda ya zama Sufeto Janar na 'yan sandan Nijeriya a 1986, ya rasu a 2021. Akwai Muhammadu Gambo na ƙasar Kebbi, mai waƙar ɓarayi, wanda daga baya ya tuba ya bar ta, ya rasu a 2016. Amma ni a wurina duk wanda ya ɗaga sunan nan sama bai kai wata mace ba, wato Hajiya Gambo Sawaba.

An haife ta a 1933, sunanta na yanka Hajaratu, Gambo kuwa don tagwaye ta biyo. Mahaifinta mutumin Gana ne da aikin jirgin ƙasa ya kawo shi Zariya, mahaifiyarta Banufiya. Iyayen suka rasu tana ƙarama, karatu ya tsaya, aka yi mata aure tana da shekara 13. Tana 'yar shekara 17 ta shiga jam'iyyar NEPU ta su Malam Aminu Kano, ta riƙa bin gidaje tana yi wa mata magana a kan karatun 'ya mace da auren wuri da 'yancin jefa ƙuri'a. An doke ta, an aske mata kai, an ɗaure ta har sau 16, ba ta fasa ba. Matan Arewa ba su samu damar yin zaɓe ba sai a 1976, kuma da guminta a ciki. Ta rasu a 2001, yau ga babban asibiti a Ƙofar Gayan ta Zariya yana amsa sunanta. Ke 'yar makaranta mai karanta wannan shafi, kujerar da kike zaune a aji, wata Gambo ta sha duka dominta.

Duk wannan na zayyana wa ƙanwata, ta dai yi shiru tana jan hanci. Wadda ta kashe maganar ita ce kakarmu, da ke gefe tana jan carbi. Ta ce, "Ke kishiyata, matso nan. Yayarki Hassana ga ta nan da 'ya'yanta. Ina Hussaini?" Ɗakin ya yi tsit, don mun san ƙyanda ta ɗauke shi yana da shekara biyu, ko hotonsa babu. Ta ce, "Uwarku ba ta zancensa, kara take yi. Amma duk sanda aka ƙwala kiran Gambo a gidan nan, an shaida cewa biyu ta haifa. In kika yar da sunan, wa ya rage ya tuna da shi?" Na waiga na ga Umma ta juya baya tana goge ido da gefen mayafi. Wallahi shekarata ashirin da 'yan kai a gidan, ban taɓa kawo wannan a raina ba.

An buga kati da sunanta na yanka, ga Gambo a gefensa da manyan baƙaƙe, ita da bakinta ta ce a sa. Angon ma da ya ji labarin cewa ya yi da Gambo ya gan ta ya so ta, abokai su sha kuruminsu.

Don haka ƙannena, ba na ce kowa ta ƙi suna mai daɗi ba, kuma laƙabin da yake zagi ne ba dole a riƙe shi ba. Amma kafin ki ce sunanki na ƙauye ne, je ki durƙusa gaban kakarki ki tambaye ta dalilinsa, tun tana raye. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Saurayin da kuma zai ji kunyar sunan da uwarki ke kiranki da shi, ki dube shi da kyau tun kafin a shafa fatiha. Ni kuma na ɗau alkawari, littafina na gaba tauraruwarsa Gambo ce, kuma ba wanke-wanke za ta yi ba.

Masu suna Gambo, Talle, Auta da Kande, ku rubuto mana labarin sunayenku. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Taku har kullum.