An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, duk sa'ad da muka kawo shawarar doguwar tafiya a kan keke domin tara wa makarantun karkara gudummawa, sai attajiran da muke roƙo su ɗauki nauyi su ce wai ƙwaurinmu ba zai jure ba, sai gwanayen tsere. Wannan raini ne!

Shin Mamadou Barry gwanin tsere ne? Ɗalibi ne kamarmu, amma a 2023 ya taka keke tun daga Gini har Chadi, a hanyarsa ta zuwa Jami'ar Azhar. Manomin Faskari kuwa, mai kai buhun masara kasuwar Sheme bisa keke, wa ya ba shi horo?

Ba ƙafa ce ta gaza ba, hanya ce. Ba mu manta daren 11 ga Disamba 2020 ba, da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. Wace uwa ce za ta yarda ɗanta ya ratsa dajin nan har Sabuwa bisa keke?

A daina zargin gwiwoyinmu. Hukuma ta tsare hanya. Mu kuwa, ga faci, ga famfo, ga gorar ruwa, mun ɗaure ɗamara.