Filin Mota da Hanya: Kat-kat Mai Karkata

Ƴan kasuwar Maraɗi da Damagaram masu sayen manyan motoci na hannu, da ma'aikatan da ke samun nasu a gwanjon motocin gwamnati ko na furoje, da yawansu sun san wannan ɓacin rai: mutum ya zuba miliyoyi ya sayi Land Cruiser, ya biya duwan, ya sa an wanke ta tas, ya ja da baya domin ya ƙare mata kallo, sai ya ga ta jingina da kafaɗa guda. Gefe ɗaya ya sunkuya, ɗayan ya ɗaga. Ko kuwa a ajiye ta daidai da dare, da safe a tarar gindinta ya zauna kamar raƙumin da aka durƙusar. A kan wannan matsala filin nan zai tsaya a wannan mako, domin kuɗin da ake ɓarnatarwa a kanta a garaji ba kaɗan ba ne, kuma galibi ba a inda ciwon yake ake kashe su ba.

In tsohuwar Hilux ce ta karkace, zance ba ya tsawo: lam ya karye ko ya gaji, kuma kowane makanike na bakin tasha ya san maganinsa. Motocin da ake nufi a nan su ne masu ɗaga kansu da sauke kansu in an taɓa maɓalli. Dabarar ba sabuwa ba ce. Kamfanin Citroën na Faransa ya fito da ita a 1954, ya kuma shahara da ita a motar DS a 1955, wadda dattawa ke tunawa da yadda take miƙewa a hankali in an tayar da ita. Range Rover ta Ingila ta koma tafiya a kan jakunkunan iska a 1992. Toyota kuwa a 1998 ta sa wa Lexus LX 470 da wasu manyan samfuran Land Cruiser 100 wani tsari mai aiki da mai, wanda ta kira AHC. Irin waɗannan motoci sun shigo ƙasar nan da yawa ta tashoshin jiragen ruwa na Kwatano da Lome, bayan sun ci ƙuruciyarsu a Turai ko Amurka ko ƙasashen Larabawa.

Ga yadda tsarin Toyota yake. A ƙarƙashin kapo akwai famfo da ɗan tankin mai na musamman. Famfon yana tura man zuwa ƙafafu huɗu, kuma kusa da kowace ƙafa akwai ɗan tulu na ƙarfe, rabinsa mai, rabinsa iskar azot, da fatar roba a tsakani. Wannan iskar ce ke shanye gargadar hanya. Direba yana da matsayi uku: na ƙasa, na tsakiya, da na sama, tsakanin kowane biyu akwai wajen santimita 4 zuwa 5. In mota tana matsayin sama kuma gudu ya wuce kilomita 30 a sa'a, da kanta take komawa tsakiya. Ƴan na'urori uku, waɗanda makanikai ke kira kaptar, biyu a gaba ɗaya a baya, su ne ke shaida wa kwamfutar motar tsawon da take kai.

To amma akwai abu biyu da masu mota da yawa ba su sani ba, kuma a nan kuɗi ke zurarewa. Na farko, man ba shi kaɗai ke ɗauke da motar ba. Mafi yawan nauyin yana kan ƙarfe: sandunan murɗa biyu a gaba, da resor biyu masu naɗi a baya, man tallafi ne. Na biyu, in mota tana tsaye ko tana tafiya miƙe, man ƙafar hagu da na ƙafar dama a haɗe suke, ƙarfinsu ɗaya. Kwamfuta tana ɗaukar abin da kaptar ɗin hagu da na dama suka faɗa, ta raba biyu, ta tsayar da gaban motar a kan wannan tsaka-tsakin. Ke nan tana iya ɗaga gaba ko baya, amma ba ta da hanyar ɗaga hagu ta bar dama. Wanda ke ta danna maɓalli, mota ta hau ta sauka, yana fatan ta daidaita, wahalar da famfo kawai yake yi. Haka kuma makaniken da ya ce a sake amortisa huɗu saboda karkata ya sa mai mota asara, domin a wannan tsari abin da ke kama da amortisa bututun mai ne kawai, ba shi ke riƙe tsawon gefe ba.

Saboda haka kafin a kwance ko ƙusa ɗaya sai a yi awo, kuma awon ba ya bukatar abin da ya fi metir irin na tela. A sami daɓen siminti mai daidai, kamar na gidan mai, domin ƙasar ƙofar gida tana yaudarar ido. A sauke kaya duka, a cika tanki, domin lita 96 na gazuwal sun kai kilo 80. A daidaita iskar tayoyi, a kuma duba lambobin da ke jikinsu. A ƙasar da ake sayen taya na hannu ɗai-ɗai, ba abin mamaki ba ne a tarar da mota ɗaya da taya iri uku, kuma karkata da yawa daga nan suke farawa, a nan suke ƙarewa. Sannan a tayar da inji, a sa matsayin tsakiya, a auna daga cibiyar kowace ƙafa zuwa bakin ƙarfen da ke samanta. Toyota ta yarda da bambancin da bai wuce santimita 1 ba tsakanin hagu da dama. Abin da ya haura haka yana son gyara.

In karkatar a gaba take, gyaran yana ga kusoshin da ke ƙarshen sandunan murɗa: a ɗaure na gefen da ya sunkuya, a sassauta na ɗaya gefen daidai wannan adadin, a ɗan zagaya da motar, a sake awo. Aikin sa'a guda ne ga wanda ya iya. In a baya take, resor ne ya gaji, kuma biyu ake sakewa tare. In an yi wannan duka mota ta ƙi miƙewa, to a duba shasi da kyau, domin motar da ta taɓa faɗuwa aka buga aka shafe da fenti ba ta faɗin tarihinta da baki.

Sai dai kash, gyaran da ya fi yawa a garaji shi ne mafi muni: a zame kaptar sama ko ƙasa har ido ya gamsu. Wannan rufe tukunya ne da ta riga ta tsage. Ƙarfen da ya gaji yana nan a gajiyarsa, nauyin da ya kasa ɗauka ya koma kan mai. Littafin Toyota ya ce ƙarfin man gaba ya tsaya wajen bar 69, na baya tsakanin 56 da 67, kuma na'urar bincike da ake haɗawa da motar tana nuna wannan cikin ƴan mintoci. In ya wuce haka, tulunan nan huɗu suna mutuwa da wuri, mota ta koma tsalle kamar amalanke, kuma ranar da aka ɗora mata kaya sai ta sauka matsayin ƙasa ta ƙi tashi. Da gangan aka yi ta haka domin ta kare kanta. Amma ɗan kasuwar da wannan ya same shi tsakanin Tanut da Agadas, da buhuna a baya da bido-bidon mai jere a gefe guda, ba zai ga hikimar abin ba a lokacin. Wani kuma, in ya ga man tankin ya ragu, sai ya ƙara da man birki don shi ne a kusa. Man birki yana cinye robar da ke cikin tulunan. Nasa man daban ne, kuma ana sake shi wajen kowane kilomita dubu 100.

Masu jakar iska, wato Range Rover da wasu manyan samfuran Prado tun daga na 2002, waɗanda jakunkunansu a baya kawai suke, labarinsu ya ɗan bambanta. Robar jakar tana tsattsagewa da tsufa, zafin bazara da ƙurar hunturu kuma suna gaggauta abin. Alamarta ita ce motar da ta kwana ta tashi a zaune, ta miƙe in an tayar da inji. Ruwan sabulu da aka yayyafa wa jakar da bututunta yana nuna inda iska ke fita. Mai mota yakan ce ai tana tashi, ba komai. Alhali injin hura iskar yana aiki ba hutu domin cike abin da ke zuba, har ya ƙone, a sayi abu biyu maimakon ɗaya. Da damina kuma, laka da itatuwan korama suna lanƙwasa ɗan siririn hannun kaptar, kwamfuta ta yi ta karɓar labarin ƙarya. Masu garaji su ja kunnen yaransu: ba a shiga ƙarƙashin irin wannan mota sai an tokare ta da ƙarfe, domin in bututu ya kwance, nauyin da ya fi tan biyu ne ke saukowa lokaci guda.

Wani zai ce santimita 3 ba su isa a ɗaga hankali ba. A cikin gari, wataƙila. Amma mota mai tsawo wadda nauyinta ya raja'a gefe ɗaya tana cin taya ɓangare guda, tana iya fizga in an taka birki da ƙarfi, fitilunta kuma ba sa haska inda ya kamata. A kan babbar hanya tsakanin Ƙonni da Madawa, inda saniya ko amalanke kan ɓullo ba sallama, kaucewar gaggawa ita ce ke gwada abin da ke ƙarƙashin mota.

Ga wanda aikinsa lodi ne da shiga daji, cire tsarin gaba ɗaya a sa resor da amortisa na gargajiya ba abin kunya ba ne, in dai an sake sandunan murɗa da resor da masu kauri, tun da na asali an yi su ne da tallafin mai. Toyota da kanta, a shekarun da take ƙera Land Cruiser 100, ta yi samfurin 105 mai gatari ɗaya miƙaƙƙe a gaba da injin gazuwal na 1HZ domin ƙasashe masu hanya irin ta Dakwaro, ba tare da maɓalli ba. Ya kamata masu sayen motocin ma'aikatu su riƙa tuna wannan, domin motar da aka saya da kuɗin jama'a ta kwana wata shida a garaji tana jiran kayan gyara daga Dubai ba ta kai kowa rangadi ba.

Mai niyyar saye kuwa, ya je wurin dillali da yamma ya ga inda aka ajiye motar, ya dawo da sassafe kafin a tayar da ita, da metir a aljihu. Bayan awo, a Land Cruiser ko Lexus mai AHC, ya sa a sauke ta ƙasa, ya lura da inda mai ya tsaya a jikin ɗan tankin, sannan a ɗaga ta sama ya ƙirga zanen da man ya sauka. Sababbin tuluna suna ba da wajen zane 14. In bai kai 7 ba sun mutu, kuma kuɗin guda huɗu ya kamata a cire daga farashi tun kafin a yi sallama.